Ana goge ledar kantata da fiya-fiya, kunya ta ɗaure mini baki

Assalamu alaikum Anti Madina.

Don girman Allah ki karanta saƙon nan har ƙarshe, ko da kin ga ya yi tsawo, ko kin ga kamar maganar kayan kicin ce kawai. Ni ma da farko haka na ɗauke ta. Yanzu kuwa ta wuce nan, kuma babu wanda zan faɗa wa a garin nan ba tare da an yi mini dariya ko an ce na zubar da kunya ba. Ki ɓoye sunana da lambata.

Ni 'yar Tambuwal ce, aure ya kawo ni Kebbe. Maigidana fataucin albasa yake yi, yana bin mota zuwa Kudu, sai ya daɗe bai leƙo gida ba. Ina zaune da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada. Tun daga nan ina so ki sani ba ƙarar Dada na kawo miki ba. Matar nan da hannunta ta yi mini wankan jego, ta hana ni ɗaukar ko bokiti har na yi arba'in, kuma ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba. Da muguwa ce da abin ya zo mini da sauƙi.

Lokacin jerena babana ya sa kafinta ya yi mini kanta ta katako a kicin, doguwa, mai ƙafafu da durowa a ƙasa. Aka shimfiɗa mata leda a sama aka manne da gam, aka bi gefen da ƙananan ƙusoshi. Leda ce mai kauri, ruwan madara da ɗigo-ɗigon shuɗi. Kafintan ya ce ba irin ta tsakar ɗaki da ake yankowa a kasuwa ba ce, ragowar wani aiki ce da ya yi a Sakkwato. Har bayan an watse biki mata na shigowa kallonta. Ina son kantar nan fiye da gadona, shi ya sa kullum sai na wanke ta. In zuba ruwan zafi, in barbaɗa omo, in dirje da soson ƙarfe. In mai ya kama in sa toka, ranar da manja ya zuba kuwa har jiƙon kanwa na kwara mata. A kanta nake yanka albasa da tattasai, a kanta nake dire tukunya in hannuna ya ji zafi. A hankali sheƙin ya tafi, ta koma ruwan ɗorawa, duk ta yi zanen wuƙa. Ta wajen bango ta ɗago, in ka danna sai ka ji laushi, kamar katakon ya sha ruwa. Daga nan kiyashi suka sami gida. Ko ƙwayar sukari ɗaya ta faɗi, kafin ka juya sun yi layi.

Sai maganar yarinya. Ita ce ta fari, kuma sunan Dada ta ci, kin ga kunya biyu ke nan. Kin san al'adarmu, ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane. In ta faɗi tana kuka Dada na wurin, sai in kawar da kai in ci gaba da tsintar shinkafata kamar ban ji ba. A gidanmu na Tambuwal ma ana yi, amma ba kamar nan ba. Dangin Dada mutanen Fakku ne, masu noma da shanu, su kunyar nan ba sa wasa da ita. Akwai wata a danginsu da har yau ake ba da labarinta ana dariya don ta ruga da gudu ta ɗauki ɗanta na fari ranar da ya faɗa kwatami, kuma yaron yanzu har ya yi aure. Da aka yaye yarinya sai ta koma ɗakin Dada gaba ɗaya. Ita ke mata wanka, ita ke ba ta abinci, ita ke cewa tana da lafiya ko ba ta da lafiya.

Dada ta saba in za ta dama mata koko sai ta ɗora ta a kan kantar, saboda ƙasan kicin ba ya rabo da laima, ga kaji na shigowa. Wata safiya ta buɗe gwangwanin madarar yarinya ta tarar kiyashi sun yi baƙi a ciki, wasu kuma sun hau ƙafar yarinyar sun cije ta har ta yi ƙuraje. Ba ta ɗora mini laifi ba, ko da yake na san laifin kicin ɗina ne. Ta shiga ɗakin da muke ajiye buhunan wake, ta ɗauko 'yar kwalbar fiya-fiya, wannan maganin ƙwarin da ake sa wa wake don kada ya huje. Ta ɗiga a kofin ruwa, ta tsoma tsumma, ta goge ledar tas, har cikin zanen wuƙa da ƙarƙashin inda ta ɗago. Kafin azahar babu kiyashi ko ɗaya, kyankyasai sun fito daga durowa sun yi rigingine. Ta kira ni tana murna ta nuna mini, ta ce, “Kin gani ɗiyata, ko ƙuda ba ya sabka. Haka nika yi ma rumbu tun uban mijinki na da rai.” Na durƙusa na yi mata godiya. Wallahi Anti, a ranar ni ma daɗi na ji.

Tun daga nan ya zama aikinta na kowace safiya. Ta goge, ta bari ta sha iska, ta ɗora yarinya. Kuma ba ta sa mata ƙosai ko biredi a kwano, a kan ledar take gutsuttsura mata, wai ta fi kowane kwano tsabta tunda ƙuda ba ya taɓa ta. Yarinya ta yi ta tsinta da yatsu, ta buga tafin hannu a ledar, ta lashe. In sun fita nakan rufe ƙofa in wanke da ruwan zafi da omo, amma sai warin ya ƙara tasowa, kaina ya yi ta sara har yamma.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura gaban rigarta kullum a jiƙe yake da miyau, tana zufa jikinta ba zafi, idonta na hawaye ba kuka take ba. Sai zawo, sai amai jefi-jefi. Dada ta ce turamen haƙori ne za su fito, duk yaro haka yake yi. Ta jiƙa mata sassaƙe, ta shafa mata wani abu a dasashi, in ta yi amai ta ba ta cokalin manja. Rannan Dada ta zaga yin alwala, na saci jiki na ɗauki yarinyar na rungume. Jikinta laƙwas kamar tsumma. Na duba idonta, ɗan baƙin nan na tsakiya ya ƙanƙance kamar kan allura, alhali a cikin ɗaki muke ba rana. Fatar idonta ta sama tana rawa ita kaɗai. Ina jin takun Dada na dire ta na kama shara.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bikin 'yar ƙanwar babana da aka yi a Tambuwal. Innata ta aiko tana roƙon Dada a bar ni in zo da yarinya ta gan ta, Dada ta yarda. Kwanakin da muka yi can yarinyar nan ta warware sarai. Miyau ya tsaya, zawo ya tsaya, tana bin 'yan awaki a tsakar gida, ta ci tuwo har Inna na cewa wa ya ce ba ta da ci. Muna dawowa Kebbe aka koma ɗora ta a kan kantar, ba a jima ba komai ya dawo. Haƙori yana sanin gari ne, Anti? Dada ita ma na ga hannunta na karkarwa in ta ɗauki ludayi, tana yawan dafe ƙirji, ta ce sanyi ne.

Na gwada abin da zan iya. Na kira maigidana na yi ta kewaye-kewaye har na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce waken da muke ci shekara da shekaru da me nake tsammani ake ajiye shi, kuma Dada ta raine su duka babu wanda ya mutu a hannunta. Ya ce kada in kuskura maganar nan ta je kunnenta. Ƙanwarsa Raliya, da ke aure a Dogon Daji, ta zo wuni. Ita muna wasa da ita, na ja ta gefe na fara mata bayani, ko ƙarasawa ban yi ba ta tafa hannu ta ce, “Oho, 'yar boko, yau kuma ɗiya taki ta? Tashi mu tai in gaya ma Dada kin ce a ba ki abinki.” Sai da na riƙe mata zane ina roƙo ta bar maganar, tana ta dariya har ta hau mashin.

Na taɓa ɓoye kwalbar a ƙasan akwatina. Ranar na ga tashin hankali. Dada ta birkita gidan nan kaf, ta yi zaton yarinya ce ta ɗauka, ta riƙa buɗe mata baki tana sunsunawa tana salati, hawaye na zuba. Ta san guba ce in an sha. Abin da ta yarda da shi shi ne in ya bushe ya mutu. Da ba ta gani ba ta aika kasuwa aka sayo wata, ta rataye ta can sama a ƙusa. Ta farkon na nan a akwatina, ina tsoron fito da ita, ina tsoron barinta.

Jiya da hantsi yarinya na tafiya a tsakar gida ƙafafunta suka lanƙwashe ta zauna daɓas. Numfashinta na wani ƙara kamar na mage in tana barci. Dada ta goya ta tana kai da kawowa tana tofa mata addu'a, ni kuwa ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Zuwa la'asar ta ɗan farfaɗo har ta sha koko. Yau da safe an sake goge kantar.

In na buɗe baki kuma ya zama ba shi ba ne, na ce wa Dada tana ba takwararta guba ke nan, kuma irin wannan magana ba ta mutuwa a gari. In kuma shi ne, ban san yadda matar nan za ta ɗauka ba, don yarinyar ce ranta. Shi ya sa na zo gare ki. Na san kina da karatu, ki faɗa mini abin da zan wanke ledar nan da shi a ɓoye ya zuƙe maganin, ta yadda ko an goge da safe ba zai yi wa yarinya komai ba. Bilic ne, ko lemon tsami, ko in ƙara kanwa? Ko in sayo wata leda in shimfiɗa a kai in ce ado ne? Ko mene ne zan nemo. Ki taimake ni, tsoro nake ji.

Baƙuwar Kebbe

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Ranar da saƙonki ya iso na kira lambarki, ba ta shiga ba. Na sake kira, na tura rubutaccen saƙo, shiru. Na san yadda waya ke wahalar kamawa a yankinku, don haka na ɗage wasiƙun da suka riga taki na sa ta a wannan makon. Ina fata kin riga kin ga saƙona, wannan ya zama maimaici.

Amsar tambayarki ita ce babu. Babu bilic, babu lemon tsami, babu kanwa da za ta sa a goge wuri da fiya-fiya da safe sannan yaro ya ci abinci a kai lafiya. Ruwan zafin da kike zubawa ma tayar da maganin yake yi ki shaƙa, ciwon kanki ke nan. Kada ki haɗa bilic da wani abu a kai, kada kuma ki rufe ta da sabuwar leda, don ita ma gobe za a goge ta.

Ni ba likita ba ce, amma na karanta wa wata likitar yara wasiƙarki ba tare da suna ba. Ta ce ba a gane ciwo daga nesa, zazzaɓin cizon sauro da wasu cututtuka na iya kawo wasu daga cikin alamun nan. Sai dai miyau da zufa da hawaye da zawo a tare, ga ƙanƙancewar baƙin ido, ga rawar fatar ido, ga sauƙin da ta samu a Tambuwal, duk sun yi kama da aikin irin wannan maganin ƙwari. Fitowar haƙori ba ta lanƙwashe ƙafa, ba ta sa numfashi ƙara. Maganin jijiya yake kamawa, ta ƙwaro da ta mutum, kuma yana shiga ta baki da ta fata da ta hanci. Bushewa ba ta kashe shi. Ta ce yarinya ta ga ma'aikacin lafiya yau, ba sai ta sake faɗuwa ba.

Ki cire mata kayan da ke jikinta, a wanke mata hannu da jiki da sabulu, a sa mata wasu. Kada a ba ta manja ko madara da sunan karya guba, kada a sa mata yatsa a maƙogwaro. Kwalbar da ke akwatinki ki ƙulle ta a leda ki tafi da ita, ita ce za ta gajarta wa likita bincike. Ki faɗa masa komai yadda kika faɗa mini, har da cin abinci a kan kantar. Akwai allurar da ake yi wa irin wannan, kuma yaran da aka kai da wuri suna warkewa. In asibitin da ke kusa suka ce ku wuce Tambuwal ko Sakkwato, ku wuce.

Na lura a duk tsawon wasiƙarki, wadda babu wanda ya san mai ita, ba ki iya kiran yarinyar “ɗiyata” ba. Ba na yi miki dariya. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, tana girmama manya, tana sa yaro ya tashi da iyaye da yawa maimakon uwa ɗaya. Waɗanda suka kafa ta sun kafa ta ne a kan cewa kaka ta fi uwa sanin abin da zai amfani jariri, kuma sau da yawa haka ne. A wannan karon ke kika ga abin da Dada ba ta gani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matar da ake wa dariya a Fakku don ta tsamo ɗanta daga kwatami, ke da kanki kika ce ɗan ya yi aure.

Dada ba ta yi mugunta ba, kuma kada kowa ya nuna mata haka. Ta ga ƙwari sun ciji jikarta, ta ɗauko abin da ta sani yana aiki. Matar da ta yi kuka don zaton yarinya ta taɓa kwalba ba za ta zaɓi tsumma a kan ran takwararta ba, in har ta fahimta. Kuskurenta ɗaya ne, zaton in ya bushe ya mutu, kuma rabin garinku sun yi tarayya da ita a wannan zaton, har da maigidanki. Maganarsa ta wake ba hujja ba ce. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna hana sa wa abinci wannan magani, akwai kuma buhuna masu hana iska shiga da ke ajiye wake ba tare da shi ba. Abin da jikin babba zai ɗauka bai ji ba yana iya kayar da yaron da aka yaye jiya.

Ga yadda nake ganin za ki shiga maganar. Ki same ta ita kaɗai, ki durƙusa yadda kika saba, ki ce mata tsoro kike ji, kina roƙon ta ɗauki yarinya ku je asibiti tare, ita ma a duba mata ƙirji da karkarwar hannu. Ba dabara kawai ba ce, hannunta ne ke cikin kofin kowace safiya, tana iya fin kowa shan maganin. Ita ta goya, ke ki bi su a baya da kwalba, babu kunyar da ta karye. Bayanin dalili ki bar wa ma'aikacin lafiya, daga bakinsa zai fi mata sauƙin haɗiya, kuma ki roƙe shi ya faɗa mata a fili cewa ko a sabuwar leda ba a sa shi. Kafin ki shiga ɗakinta ki kira Innarki. Ita ma kaka ce, tana da bakin da za ta ce wa Dada jikarsu ta je asibiti, kuma ta ga yarinyar da lafiyarta da idonta. Raliya ki bar ta da wasanta tukuna. Maigidanki ki sanar da shi kuna hanya, ba izinin jira kike nema ba.

Za ki iya rage wa Dada nauyi da gaskiya, domin ke ma kina da kaso. Ledar da take da sheƙinta ruwa ba ya shigarta. Taki kin buɗe mata ƙofofi da wuƙa da soson ƙarfe, maganin ya sami wurin kwana. Daga yadda kika kwatanta ta, mai kauri, ta koma ruwan ɗorawa bayan toka da kanwa, ina zaton irin wadda ake yi da man wani tsiro da garin katako ce a kan saƙa mai kama da buhu, ba ta roba zalla ba. In kin juya bayanta kin ga saƙa, ita ce. Kin san da toka da mai ake yin sabulun salo. Duk ranar da kika dirje ta da toka ko kanwa ko omo mai yawa, man jikinta kike narkarwa. Tsabta kika nufa, ba wanda ya gaya miki. Ki ce wa Dada ledar ce ta tsattsage ta riƙe maganin, kin ga laifin ya rabu biyu, ba ita kaɗai za ta ɗauka ba.

Wannan ledar ta gama aiki, ko da babanki ne ya saya. Daga yau kada abinci ko yaro ya sake taɓa ta, ku koma murhun waje. A kira kafinta ya ɓanɓare ta ƙofa da taga a buɗe, da safar hannu, yarinya ba ta kusa. Katakon da ya yi laushi a canza shi, don ya sha abin da ledar ta sha. A yayyanka tsohuwar ƙanana, in ba haka ba wani zai tsince ta ya shanya kuɓewa a kai. Kada a ƙona ta, hayaƙinta ma cuta ne. A binne ta nesa da rijiya, tare da tsumman da kofin.

In an shimfiɗa sabuwa, ki sa kafinta ya manne mahaɗa da gefen bango sosai yadda ruwa ba zai sami hanya ba. Wankinta bai wuce ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke ba, da tsumma mai laushi da aka matse. Ki goge, ki bi da ruwa zalla, ki tsane da busasshen ƙyalle. Ba a kwara mata ruwa. Manja in ya zuba a ɗauke shi nan take, in ya bar tabo a bar kumfar sabulu ta ɗan zauna a kai sannan a goge. Ki nemi katakon yanka, ki ajiye faifai ko guntun katako na dire tukunya. Abincin yaro kuma a kwano, komai kyan leda.

Kiyashi ba za su tafi don an daina fiya-fiya ba, kuma in suka dawo Dada za ta kalli ƙusar nan. Saboda haka ki riga ta. Sukari da madara su shiga mazubi mai murfi mai kamawa. A janye kantar kaɗan daga bango, a sa kowace ƙafa a cikin gwangwanin ruwa mai ɗan sabulu, kiyashi ba sa haye shi. A toshe ramukansu da siminti, a share durowa a daina barin gari a ciki. Ki roƙi Dada ta riƙe aikin goge kantar da safe kamar yadda ta saba, da ruwan sabulu. Mutumin da aka karɓe wa aiki yana jin an kore shi, wanda aka canza wa kayan aiki kuwa yana nan da matsayinsa.

Wataƙila ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka, wataƙila a yi kwanaki ana ba da labarinki a gidajen suna. Duk wannan ana gyara shi da haƙuri da durƙuso. Amma in kin roƙa ta ce a bari sai gobe, ko kika ji numfashin nan ya sake ƙara, ko yarinya ta yi laƙwas, kada ki tsaya neman kalmar da ta dace. Ki kwance ta daga bayan duk wanda ya goya ta, ki ɗaura ta a naki, ki tare ɗan kabu-kabu mai mashin. Ɗiyarki ce, kuma a gidan nan ke kaɗai kika san abin da ke damunta.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba Dada lafiya, Ya sa ku dawo gida ku uku kuna masu godiya.

Anti Madina